Katin AT89S52 da ma'aunin zafi DS18B20: wata bakwai ina ƙirga bait ɗaya-ɗaya

Gwaggona da ke Birni ce ta jawo wannan magana. Tana kiwon zabi tun ina ɗan ƙarami, kuma duk mai kiwo ya san zabuwa ba uwar kirki ba ce. Ta zuba ƙwai a ciyawa, sai an bi sawu an tsinto, a sa wa kaza ta kwanta a kai. Bara kajinta suka yi ƙaranci, ƙwai ya yi yawa, sai ta aiko a kira ni. Ta nuna mini wani mataccen firji a zaure ta ce, "Ɗan nan, ba kai ne mai gyaran rediyo da telbijin ba? An ce ana mai da wannan abin uwar ƙwai. Ka yi mini."

Na ce to, Gwaggo. A raina kuwa na san ban taɓa yi ba.

Akwai ƙananan na'urorin kula da zafi da ake sayarwa haɗaɗɗu, ka jona fitila kawai ka tafi. Amma ita tana son abin ya riƙa juya ƙwai da kansa, ya kuma nuna mata kwana nawa aka yi, domin ƙwan kaza kwana 21 ne, na zabuwa kuwa 26 zuwa 28, kuma kwana ukun ƙarshe ba a juyawa. Wannan sai da ƙaramar ƙwaƙwalwa irin wadda ake kira mikrokwantirola. Wani mai kayan lantarki a wajen Kasuwar Dole, wanda ke sayo kaya daga Kano, ya ce yana da katin koyo guda biyu da suka daɗe a shago ba mai tambaya. Ya bar mini ɗaya a jika tara, har da ƙaramin gilashin rubutu mai layi biyu, da kebul ɗin zuba manhaja, da ma'aunin zafi DS18B20 mai kan ƙarfe. A kan wannan katin zan yi magana, bayan wata bakwai yana aiki.

Abin da ke cikin leda ba shi da yawa. Kati ne kore mai girman tafin hannu, a tsakiyarsa ƙwaƙwalwar AT89S52 mai ƙafa 40 zaune a soket, gefenta kiristal mai ba ta bugun lokaci, mai mita 11.0592, maɓallai huɗu, fitilu takwas, da rile guda, wato makunnin da ƙwaƙwalwar ke kunna babbar wuta da shi. Ba takarda ko ɗaya, ba sunan wanda ya haɗa katin. Dalmar ba laifi, sai dai bakin da ake cusa wuta yana lilo, na cire shi na manna waya kai tsaye. Mai rage wutar zuwa bolt 5 yana zafi ƙwarai idan ka ba shi 12 daga batir, a watan Afrilu ba ka iya ɗora masa yatsa, sai da na ɗaura masa guntun alminiyam. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, na wuce su cikin yini ɗaya.

Ita ƙwaƙwalwar tsohuwar zuri'a ce. Kakarta ita ce 8051 da kamfanin Intel ya fitar a 1980. AT89S52 ta Atmel ce, kamfanin da Microchip ya saye a 2016. Tana da wurin ajiye manhaja kilobait 8, wanda ba ya gogewa ko an ɗauke wuta. Tana kuma da wurin aiki bait 256 (bait ɗaya wurin harafi guda ne; mu da muka yi lakwal okte muke cewa, amma bait ya fi yawo a bakin masu gyara yanzu). Ba kuskure na yi ba, 256. Saƙon gaisuwar Juma'a da ake turo maka a WhatsApp ya fi haka tsawo. Katin Arduino Uno da yara ke yayi yana da 2048.

Wannan ɗan wurin aikin shi ne zuciyar abin da nake son faɗa. A takardun kamfani ana kiran wani sashe nasa sikirachfad. Ni da yarona a shago allo muke ce masa, don babu abin da ya fi kama da shi. Manhajar da ka zuba kamar littafi ce bugagge, tana nan yadda take. Allo kuwa na hannu ne: a rubuta, a yi aiki da shi, a wanke, a sake rubuta wani. Ƙwaƙwalwa ba ta iya lissafi a cikin littafi. Duk lambar da take riƙe da ita yanzun nan, zafin da ta auna, daƙiƙa nawa suka wuce, rabin lissafin da ba ta gama ba, a allo take ajiye su. Ana ɗauke wuta kuma, kamar an bar allon a ruwan sama ne.

A zuri'ar 8051 an raba bait 128 na farko kashi uku, kuma wanda bai haddace rabon nan ba zai sha wuya. Adireshin ana rubuta shi da lissafin goma sha shida, shi ya sa ake ganin H a ƙarshe. Daga 00H zuwa 1FH, bait 32, ɗakuna huɗu ne, kowanne da rajista takwas, wato ƙananan akwatunan lissafi masu bait ɗaya-ɗaya, R0 zuwa R7. Daga 20H zuwa 2FH, bait 16, wuri ne na musamman inda za ka iya taɓa kowane bit shi kaɗai (bit takwas ke yin bait ɗaya), wato makunnai 128 na e ko a'a. Daga 30H zuwa 7FH, bait 80, shi ne ainihin allon, fili ne ba mai shi, ka rubuta abin da ka ga dama. AT89S52 ta ƙara wasu 128 a sama, daga 80H zuwa FFH, amma suna da sharaɗi: ba a kiran su da suna kai tsaye, sai ka aika ta hannun R0 ko R1. In ka kira 90H kai tsaye, ba allo ka taɓa ba, ƙafafun P1 ka taɓa, ɗaya daga rukunan ƙafafunta huɗu, P0 zuwa P3, domin rajistocin da ke kula da ƙafafu da agogo suna zaune a kan adireshi iri ɗaya. Na yi wannan kuskuren sau ɗaya, rile ya hau kaɗawa kamar kalangu.

Ga yadda na raba nawa 80 ɗin, a bayan kwalin sukari na fara zana shi, yana nan manne a bangon shago. Bait 9 na karɓar saƙon ma'aunin zafi. Bait 16 na ajiye awo takwas na baya, don in riƙa ɗaukar tsaka-tsaki, kada buɗe ƙofa na minti ɗaya ya ruɗa na'urar. Bait 32 na rubutun gilashi, layi biyu harafi goma sha shida-shida. Huɗu na daƙiƙa, minti, awa da kwana. Shida na ƙananan lissafi. Fitila a kunne take ko a kashe, fanka, motar juya ƙwai, ƙararrawa, duk waɗannan bit ɗaya-ɗaya suka ci a cikin 20H, bait guda ya ishe su har da saura. Sashen nan na bit shi ne abin da ya fi burge ni a tsohuwar ƙwaƙwalwar. Umarni ɗaya ka kunna, umarni ɗaya ka tambaya. Wanda ya tsara ta ya san aikin da za ta yi shi ne kunna wannan, kashe wancan.

Yarona, wanda ya saba da waya mai jigabait, ya tambaye ni, "Maigida, ba za a ƙara mata ba?" Za a iya. Zuri'ar tana karɓar ma'ajiya ta waje har kilobait 64. Amma sai ka sadaukar da P0 da P2 gaba ɗaya, ƙafa 16 cikin 32, da wasu biyu a P3 na karatu da rubutu, ka kuma ƙara wani guntu mai riƙe adireshi. Sannan ɗauko bait daga waje yana cin zagaye biyu na aikin ƙwaƙwalwar, bayan ka ɓata lokaci wajen shirya adireshin, alhali daga allon ciki zuwa wurin lissafi zagaye ɗaya ne. Kamar mai shayi ne da ya ajiye sukari a gida maimakon kan tebur.

Sai ya sake cewa, to ai wannan shi ne kash ɗin da ake faɗa a kwamfuta. Ba shi ba ne, ko da yake dangi ne, dukansu ƙananan ma'ajiya ne masu sauri kusa da mai lissafi. Kash kamar yaron shago ne mai wayo, yana lura da abin da aka fi tambaya yana matso da shi gaba ba tare da ka sa shi ba. Yawanci yana dacewa. Wani lokaci kuma a tambayi abin da ya mayar ciki, mai saye ya tsaya jira. Ba ka san yaushe ba. Allo kuwa kai ka jera kayan da hannunka, yana da adireshinsa, abin da ka sa shi za ka tarar, kuma lokacin ɗaukowa kullum ɗaya ne. A wannan katin zagaye ɗaya bugun kiristal 12 ne, kimanin mikrosakan 1.085 (mikrosakan miliyan ɗaya ke yin daƙiƙa guda), yau da gobe da jibi. Shi ya sa har manyan ƙwaƙwalwa na zamani ba su yar da dabarar ba. STM32F407 tana da kilobait 64 da aka keɓe manne da mai lissafi. RP2040 da ke kan Raspberry Pi Pico tana da ƙananan ɗakuna biyu masu kilobait huɗu-huɗu ban da manyan huɗun. Har PlayStation na farko yana da allo mai kilobait 1 da masu rubuta wasanni ke cusa lissafin da ya fi gaggawa.

Wannan tabbas na lokaci ya yi mini rana wajen magana da ma'aunin zafi, domin DS18B20 da waya ɗaya tak yake magana, kuma kowane bit yana da ɗan lokacinsa na kusan mikrosakan 60. Idan karatu kake, dole ka leƙa wayar kafin mikrosakan 15 su cika. Da fensir na zauna na ƙirga umarni ɗaya-ɗaya, ya fita daidai tun gwajin farko. Ban taɓa jin daɗin tsohon abu irin na ranar ba.

Kuma a nan na gano shi ma ma'aunin yana da nasa allon, bait 9. Biyun farko zafin da ya auna. Na uku da na huɗu iyakar sama da ta ƙasa na ƙararrawarsa, waɗanda ake kira TH da TL. Na biyar yana faɗin ƙanƙantar awo, daga bit 9 zuwa 12, kuma a 12 yana bambance har 0.0625 na digiri, sai dai yana ɗaukar har milisakan 750 kafin ya gama. Uku na gaba kamfani ya riƙe wa kansa. Na tara lambar tantancewa ce, wadda za ka lissafa ka gani ko saƙon ya iso lafiya. Ka aika masa umarnin 44H ya auna ya rubuta a allonsa, ka aika BEH ya karanto maka allon. Kada a manta da resista 4.7k tsakanin wayar saƙo da bolt 5, ba ya zuwa a cikin ledar.

Yanzu ga inda na sha kashi, sau uku, kuma duk laifina ne ba na katin ba.

Na farko ya cinye mini mako guda. Na'urar tana aiki lafiya awa biyu, awa biyar, sai ta sandare, gilashi ya tsaya, fitila ta ƙi mutuwa. Na zargi zafi, na zargi ƙura, na canza kiristal, na canza ƙwaƙwalwar ma da ta ɗaya katin. Ashe tari ne. Duk lokacin da manhaja ta shiga wani ƙaramin aiki, tana ajiye adireshin komawa, bait biyu, a kan wani tari da ke cikin allon nan dai, kamar jera kwanuka, na ƙarshen ɗorawa shi ne na farkon ɗauka. Idan aka kunna 8051, mai nuna kan tarin yana kan 07H, don haka abu na farko a 08H yake sauka. To 08H zuwa 0FH shi ne ɗaki na biyu na rajista, wanda ni kuma na ba wa aikin agogo, mai katse komai lokaci-lokaci don ya ƙirga daƙiƙa. A ɗakin R6 da R7 kawai nake taɓawa, wato 0EH da 0FH. Yawancin lokaci tarin ba ya kaiwa can. Amma idan ana cikin rubutu a gilashi, aiki cikin aiki cikin aiki, bait shida sun hau, sai agogo ya katse a daidai wannan lokacin, adireshin komawarsa ya sauka a 0EH da 0FH, shi kuma ya rubuta ƙirgensa a kai. Ya gama, ya juya zai koma, hanya ta ɓace. Maganin layi ɗaya ne a farkon manhaja, MOV SP,#7FH, tarin ya koma can sama daga 80H inda ba kowa. Bayan sallar asuba na gano shi, ina zaune da kwalin sukarin nan a hannu. Na yi dariya ni kaɗai har maƙwabci ya leƙo.

Na biyu a gidan Gwaggo ya faru, Allah ya sa ba a zuba ƙwai ba tukuna. Wuta ta ɗauke ta dawo, ƙararrawa ta ɗauka, gilashi ya nuna 85. Ta aiko jikanta a guje a kan kabu-kabu, wai firji zai dafa gidan. Na je na sa hannu ciki, ɗumi ne kawai. DS18B20 idan ya farka, abin da ke rubuce a allonsa kafin awon farko shi ne digiri 85, haka aka yi shi. Ni kuma na karanta kafin in ba shi lokacin aunawa. Yanzu manhajar tana aika 44H, ta jira daƙiƙa guda, sannan ta karanta, ta kuma duba bait na tara kafin ta yarda.

Na ukun shi ne wanda ya kamata duk mai sayen katin nan a garinmu ya sani tun kafin ya biya kuɗi. AT89S52 ba ta da inda manhaja za ta ajiye abu ya tsira bayan ɗaukewar wuta. Ƙirgen kwana yana allo. Batir ya yi sanyi cikin dare ɗaya, da safe na'ura ta ce yau kwana na ɗaya, alhali an yi goma sha ɗaya. Gwaggo ba ta damu ba, ashe tana ta zana layi da gawayi a bangon zaure tun ranar farko. Ta ce, "Na san abin Nasara ba ya rasa mantuwa." Hanyar da aka saba ita ce a ƙara guntun ajiya kamar 24C02, ko agogo DS1307 mai batirin kansa da bait 56 na ajiya. Ba ni da ko ɗaya a hannu, mai kawowa kuma sai bayan sati biyu. Sai na tuna TH da TL na ma'aunin zafi suna da madawwamin wuri a bayansu. Ka rubuta a allo da 4EH, sannan ka aika 48H ya kwafe su can, cikin kamar milisakan 10, kuma duk lokacin da ya farka yana dawo da su allo da kansa. Tunda ba na amfani da ƙararrawarsa, sai na mai da TH wurin ajiye kwana, TL wurin ajiye irin ƙwan, kaza ko zabuwa. Kamfani ya ce wurin yana jure rubutu sau 50,000. Sau ɗaya nake rubutawa a yini. Awannin da aka yi cikin yinin suna ɓacewa idan wuta ta yanke, amma ƙwai ba ya ƙirga minti.

A kula, 4EH kaɗai bai isa ba. Na ga wani abokin sana'a a Zango ya rubuta, ya karanto, ya ga lambarsa, ya ɗauka ta zauna. A allo take. Sai an kwafe.

To, in saya ko kada in saya? Idan so kake ka haɗa abu da intanet, ko gilashi mai launi, ko ka karanta ƙarfin batir da fanon sola, kada ka ɓata jikarka. Ƙwaƙwalwar ba ta da hanyar auna wutar da ke hawa da sauka sai ka ƙara wani guntu, kuma rubutun Hausa mai tsawo a gilashi ma sai ka yi ta dabara. Idan aikin gaggawa ne na mai biya, Arduino zai fi kai ka gida da wuri, ba na musu. Amma ga ɗalibi, ko na jami'ar André Salifou ne ko na makarantar koyon sana'a, ko yaron shago da ke son ya wuce canza kondansa, ban ga malami kamar katin nan ba a wannan kuɗin. A Arduino mai fassara manhaja ne ke raba maka allo a ɓoye, ranar da tari ya ci karo da kayanka ba ka ma san akwai tari ba. A nan kuwa taswirar duka tana shiga bayan kwali ɗaya. Yarona da ya yi wata biyu da shi, yanzu in na ce masa abu ya sandare, tambayarsa ta farko ita ce ina aka sa tarin.

Ma'aunin zafin shi ma na yaba masa. An ce kuskurensa bai wuce rabin digiri ba tsakanin 10 ƙasa da sifili da 85, amma rabin digiri ba wasa ba ne ga ƙwan da ke son 37 da rabi. Na gwada shi da ma'aunin zazzaɓi na kanti a cikin kofin ruwan ɗumi, na gyara ɗan bambancin a manhaja. Ana kuma samun jabu a kasuwa, don haka kowanne ka saya ka gwada shi kafin ka ba shi amanar ƙwan mutane. Wani abin da katin ba zai yi maka ba shi ne sanyaya. A bazarar Damagaram, lokacin da inuwa ma ta haura 40, matsalar ba ɗumama firji ba ce, hana shi wuce gona da iri ce. Dole muka mai da shi ɗakin ƙasa mai kauri a cikin gida, muka sa fanka da kwanon ruwa. Da damina, lokacin da zabi suka fi zuba ƙwai, abin ya zo da sauƙi.

Zubin farko ƙwai 60 ta sa, 41 suka fashe. Na biyu ya fi haka. Ta aiko mini da zabi biyu da goro, tare da saƙon cewa tana mance zuba ruwa a kwanon, in sa abin ya riƙa yi mata ƙara duk kwana biyu. Na duba kwalin da ke bango, bait 13 suka rage a cikin 80 ɗin. Na ware mata ɗaya, da bit guda a 20H.